Bututun roba mai lanƙwasuwa: Abin da mai gida ya kamata ya sani kafin a binne shi a bango

A yawancin gidajen da ake ginawa yanzu a biranen Najeriya, bututun roba ya maye gurbin na ƙarfe wajen kai ruwa banɗaki da ɗakin girki. Daga cikin ire-irensa akwai mai lanƙwasuwa, wanda ake sayarwa a naɗe kamar gammo, ana iya jan sa daga gindin tanki har bakin famfo ba tare da an yanka shi gunduwa-gunduwa ba.

Irin wannan bututu ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma yana rage yawan mahaɗai, waɗanda su ne wuraren da yoyo ya fi farawa. Sai dai bututun ruwa abu ne da ake binnewa cikin bango ko ƙarƙashin daɓe, a shafe da siminti, a ɗora tayil a kai. Kuskuren da aka yi ranar sa shi yakan ɓuya na watanni ko shekaru, sai fenti ya fara kumbura, bango ya yi danshi, sannan mai gida ya farga. A lokacin kuwa kuɗin fasa tayil da sake yaɓe yakan ninka kuɗin bututun kansa.

Abin da ya kori bututun ƙarfe

Tsofaffin gidajen gwamnati da na ma'aikata a Kaduna, Legas, Inugu da sauran garuruwa an yi musu aikin famfo ne da bututun ƙarfe wanda aka shafa wa tutiya domin kare shi daga tsatsa. Shafen tutiyar yana cinyewa a hankali, musamman a bakin bututu inda aka yanka masa zare domin ɗaurawa. Da zarar ya cinye, tsatsa takan taru a ciki, hanyar ruwa ta ƙuntata, ƙarfin famfo ya ragu, ruwan farko na safe ya riƙa fitowa ja. Matsalar ta fi saurin bayyana inda ruwan rijiyar burtsatse ke da ɗan tsami, kamar a sassa da dama na yankin Neja Delta.

Jan ƙarfe ya fi shi daɗewa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin masu gini, kuma haɗa shi yana buƙatar wuta da gwaninta. Wannan giɓi ne roba ta cike.

Roba iri-iri ce

A shagon kayan famfo ana kiran su duka bututun roba, alhali kowanne da aikin da aka yi shi dominsa.

Na farko shi ne PVC, mai tauri, fari ko ruwan toka, wanda ake haɗawa da gam. Ya dace da ruwan sanyi da magudanar ruwan wanka. Iyakar zafin da yake ɗauka digiri 60 ne a ma'aunin Salshiyos, kuma tun kafin a kai nan ƙarfinsa ya ragu sosai, don haka ba a jan ruwan zafi da shi.

Na biyu shi ne PPR, wanda aka fi gani kore ko fari, ana sayar da shi sanda-sanda, galibi mai tsawon mita 4. Ana narka bakinsa da na mahaɗarsa da wata na'ura mai zafi, a cusa ɗaya cikin ɗaya su zama abu guda. Yana ɗaukar ruwan zafi da na sanyi, kuma masu aikin famfo a Najeriya sun saba da shi sosai. Yana ɗan rusunawa, amma ba ya juya kwana sai da gwiwa.

Na uku shi ne baƙin bututu mai zuwa a naɗe, HDPE, wanda ake ja da shi daga rijiyar burtsatse ko daga babban layin hukumar ruwa zuwa tanki. Na ruwan sha yakan zo da shuɗin layi a jikinsa. Na ruwan sanyi ne kawai.

Na huɗu shi ne PEX, ainihin mai lanƙwasuwa na cikin gida, wanda ke ɗaukar zafi da sanyi. Yana da ɗan'uwa mai hawa-hawa, wanda aka sa siririn alminiyum tsakanin roba ta ciki da ta waje. Shi wannan idan aka lanƙwasa shi yakan tsaya yadda aka bar shi, ba ya komawa.

Asalin PEX

Robar da ake yin PEX da ita dangin wadda ake yin leda da jarka ce, wadda masana kimiyya na kamfanin ICI suka gano a Ingila a 1933. Rauninta shi ne takan yi laushi idan ta ji zafi. A shekarun 1960 wani Bajamushe mai ƙirƙira, Thomas Engel, ya samar da hanyar sarƙe ƙwayoyin robar da juna, su zama kamar raga maimakon zaruruwa a jere. Sarƙewar ce ke hana ta narkewa ko saki a ruwan zafi. Kamfanin Wirsbo na ƙasar Suwidin ya fara ƙera bututun a farkon shekarun 1970, aka fara amfani da shi a Turai wajen ɗumama daɓen ɗakuna lokacin hunturu, daga baya ya shiga aikin ruwan sha. Ya isa Amurka a shekarun 1980.

Hanyoyin sarƙewar uku ne, shi ya sa ake ganin PEX-a, PEX-b ko PEX-c a jikin bututu. Haruffan suna nuna hanyar ƙira ne, ba matakin inganci ba. PEX-a, wanda ake yi ta hanyar Engel, ya fi laushi, kuma idan ya karye a lanƙwasa ana iya hura masa iska mai zafi ya koma siffarsa. Sauran biyun idan suka karye sai a yanke wurin a sa mahaɗa.

Akwai darasi daga Amurka da ya dace mai gini ya sani. Daga 1978 zuwa 1995 an sa wani bututu mai lanƙwasuwa, ruwan toka, mai suna polibutilin, a miliyoyin gidaje a ƙasar. Bayan wasu shekaru ya fara tsagewa daga ciki, mahaɗansa na roba suna fashewa, kuma an danganta hakan da sinadarin kulorin da ake tace ruwan sha da shi da kuma sakacin masu haɗawa. Shari'ar da masu gidaje suka shigar ta ƙare da sulhu na dala miliyan 950 a 1995, aka daina sayar da bututun a can. PEX abu ne daban, kuma ƙa'idojin ƙera shi sun tanadi gwajin jure kulorin. Wannan ya shafi gidajen da ke shan ruwan hukuma, kamar na madatsar Usuma a Abuja ko na Tamburawa a Kano, domin ruwan da aka tace yana ɗauke da kulorin.

Rana ce babbar abokiyar gaba

PEX an ƙera shi ne domin cikin gini. Hasken rana yana cinye sinadaran da ke kare robar, ta bushe, ta yi gautsi, ta fara tsagewa. Ƙa'idar Amurka ta ASTM F876 ta kasa juriyarsa ga rana zuwa wata 1, wata 3 da wata 6, kuma akwai wanda ba a ba shi ko wata guda ba. Lissafin ya haɗa da kwanakin da bututun ya yi a shimfiɗe a ƙofar shago da waɗanda ya yi a filin gini kafin a rufe shi.

A Najeriya wannan batu ne babba, saboda yawancin gidaje suna da tanki a bisa ƙarfe ko a kan rufi, kuma bututun da ke saukowa daga tankin yana cikin rana daga safe zuwa yamma. A Sakkwato, Maiduguri da Yola zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. PPR kore da PVC fari su ma rana tana cin su, ko da yake a hankali: launinsu ya koɗe, fatarsu ta yi gari, ƙaramin bugu ya fasa su. Baƙin HDPE ne ya fi jurewa, domin an cuɗa robarsa da baƙin gawayi kimanin kashi 2 cikin 100, wanda ke tare hasken.

Saboda haka, duk bututun da zai zauna a waje ko dai ya zama baƙin HDPE, ko a zura shi cikin wani bututu mafi faɗi, ko a naɗe shi da abin rufi. Rufewar tana da wani amfani kuma: bututu mai haske-haske idan rana ta ratsa shi gansakuka takan tsiro a ciki, ruwa ya canza ɗanɗano.

Zafi da miƙewa

Ƙarfin kowane bututun roba yana raguwa yayin da ruwa ke ƙara zafi. PEX na ƙa'ida yana ɗaukar matsin ruwa na kimanin ba 11 a digiri 23, amma a digiri 82 abin da yake ɗauka bai wuce ba 7 ba. Ba shi ne ma'aunin matsin ruwa, kuma ba 1 daidai yake da nauyin ruwan da ya sauko daga tsayin kimanin mita 10. Haka lambar da ake gani a jikin PPR, wato PN10, PN16, PN20 ko PN25, tana nuna matsin da zai jure a digiri 20. A ruwan zafi na digiri 70 juriyar takan faɗi ƙasa da rabi. Wannan ya sa ake ware PN20 da PN25 domin layin ruwan zafi, a bar PN10 ga ruwan sanyi.

A bakin hitar ruwa zafi ya fi tsanani, musamman idan na'urar da ke kashe ta da kanta ta lalace. Ɗaya daga cikin manyan dokokin aikin famfo na Amurka ta hana a haɗa PEX kai tsaye da hita, ta ce a fara da bututun ƙarfe na inci 18, kimanin santimita 45, sannan roba ta ci gaba. Hitar da ke aiki da hasken rana ta fi buƙatar wannan kariya, domin ruwanta yana iya kusan tafasa da tsakar rana idan ba a ɗiba ba.

Roba kuma tana miƙewa idan ta ji zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba. PPR mai tsawon mita 10 yana ƙara kimanin santimita 6 idan zafinsa ya tashi da digiri 40, PEX ma kusan haka ko fiye. Mai alminiyum a tsakiya ba ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Idan aka ɗaure bututu tamau, ko aka kama shi da siminti ba tare da wurin motsi ba, ƙarfin miƙewar yakan koma kan mahaɗa. Ƙwararren mai aikin famfo yakan bar ɗan sassauci a layi, ya zura bututun cikin rigar roba mai ƙunƙumi-ƙunƙumi kafin a yaɓe. Rigar tana kare shi daga kaifin bulo, kuma idan aka yi aikin da kyau ana iya zare tsohon bututu a zura sabo ba tare da fasa bango ba.

Lanƙwasawar ma tana da iyaka. Yawancin masu ƙera PEX suna cewa kada kwanar ta matse fiye da ninki 6 zuwa 8 na kaurin bututun. Wanda aka tilasta wa kwana mai tsini yakan karye ya toshe hanyar ruwa.

Ruwan tanki ba shi da ƙarfi

A Turai da Amurka, inda aka tsara waɗannan bututai, ruwa yana shigowa gida da matsi mai ƙarfi daga layin hukuma. A Najeriya gidaje da yawa sun dogara ne da gangarowar ruwa daga tanki. Idan saman ruwan tanki ya ɗara kan shawa da mita 3 kacal, matsin da ke tura ruwan bai kai kashi ɗaya cikin uku na ba 1 ba. A irin wannan hali kowane ƙunci a hanya yana rage ruwa.

Lambar da ke jikin bututun roba na ma'aunin milimita tana nuna kaurinsa ne daga waje. PEX na milimita 16 ramin cikinsa kimanin milimita 12 ne, PPR na milimita 20 mai lamba PN20 kuwa raminsa milimita 13 da ɗoriya. Bugu da ƙari, yawancin mahaɗan PEX ana cusa su ne cikin bututun, don haka suna ƙara matse hanyar. Gidan da ya dogara da tanki ya kamata babban layinsa ya zama mai faɗi, milimita 32 ko 25, a rage kauri sai an kusa famfo. Wanda ya sa ƙaramin bututu ko'ina domin rage kuɗi yakan ƙare da sayen injin ƙara ƙarfin ruwa, ga kuɗin wuta.

Akwai tsarin da PEX ya fi dacewa da shi: a kawo babban layi zuwa wani marabi mai bakuna da yawa, kowane famfo ya samu nasa bututu daga nan, kowanne da makullinsa. Babu mahaɗa ko ɗaya a cikin bango, sai a marabin da kuma bakin famfo, inda hannu ke kaiwa. Idan famfon banɗaki ɗaya ya lalace, a rufe nasa kaɗai, sauran gida na da ruwa. Tsarin yana cin bututu fiye da na reshe-reshe, amma yana rage haɗarin yoyon da ba a gani.

Mahaɗa da hannun mai aiki

Bututu mai kyau da wuya ya fashe a tsakiyarsa. Matsala takan taso ne a mahaɗa. Ba a haɗa PEX da gam, ba a kuma narka shi kamar PPR, domin sarƙewar ƙwayoyinsa ta hana shi narkewa ya manne. Ana haɗa shi ne da zoben da ake matsewa da wani filaya na musamman, ko a buɗa bakinsa da na'ura a cusa mahaɗa ya koma ya kama ta, ko a yi amfani da mahaɗa mai noti. Kowane kamfani da awon nasa, kuma gauraya bututun wani da mahaɗar wani yana jawo yoyo. Mahaɗa mai noti ba a binne ta a bango, saboda takan buƙaci a ƙara ɗaure ta.

A ɓangaren PPR, na'urar narkawa tana aiki ne a digiri 260, kuma bututu na milimita 20 daƙiƙa 5 kawai yake buƙata a kanta, na milimita 25 daƙiƙa 7. Idan ya wuce haka, robar da ta narke takan taru a ciki ta toshe rami, a waje kuwa haɗin ya yi kyau. Idan wutar janareta ta yi rauni na'urar ba ta yi zafi sosai ba, haɗin yakan kama sama-sama, ya saki daga baya.

Mahaɗan tagulla ma sai an duba. Tagulla maras inganci tana iya ɗauke da dalma mai yawa, wadda ke narkewa cikin ruwan da ya kwana a bututu. Hukumar Lafiya ta Duniya da kuma ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya duk sun sa iyakar dalma a miligiram 0.01 cikin kowace lita, domin gubarta tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta rage dalmar da aka yarda da ita a kayan famfon ruwan sha zuwa kashi 0.25 cikin 100 tun daga Janairun 2014.

Haɗurran da ba a cika tunawa da su ba

Fetur, kananzir da wasu magungunan kashe gara suna iya ratsa jikin PEX da HDPE su shiga ruwa ko da bututun bai huje ba. Don haka ba a bi da layin ruwan sha ta ƙarƙashin ɗakin janareta ko inda ake zubar da baƙin mai. Ɓera kuma yana gaigayar roba, musamman a cikin silin.

Roba ba ta ɗaukar wutar lantarki. A wasu tsofaffin gidaje bututun ƙarfe ne ke saukar da wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Idan aka cire shi aka sa roba, wannan kariya ta tafi, kuma hitar da ta samu matsala tana iya jan mai wanka. Duk wanda zai sauya bututun tsohon gida ya kamata ya kira mai aikin lantarki ya tabbatar akwai sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa domin wannan aiki, an kuma haɗa hita da ita.

Sabon bututu yakan ba ruwa ɗan warin roba a makonnin farko. Ana buɗe famfuna ruwa ya wanke layin sosai kafin a fara sha.

Gane na gaske da gwaji kafin yaɓe

Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, ISO 15875 na PEX da ISO 15874 na PPR, an gina su ne a kan cewa bututu zai yi shekara 50 yana aiki idan aka bi sharuɗɗansa. Jabu ba ya cikin wannan lissafi. Masu yin sa sukan cuɗa tsohuwar roba da garin alli domin rage kuɗi, ko su rage kaurin bango su buga lambar da ba tasa ba. Araha kuwa ba ta ado.

Bututu na gaske yana ɗauke da rubutu a jere a tsawon jikinsa: sunan kamfani, irin robar, kauri daga waje da kaurin bango, matsin da yake ɗauka, lambar ƙa'ida da ranar ƙira. Cikinsa sumul yake, kaurin bangonsa ɗaya ne ta kowane gefe idan aka yanka. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da shirin MANCAP na tantance kayan da aka ƙera a cikin gida da shirin SONCAP na waɗanda ake shigowa da su, kuma mai saye yana da damar tambayar dila shaidar hakan tare da karɓar rasit.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji, kuma tun ran gini ran zane. Kafin birkila ya rufe ko da taku ɗaya na bututu, a toshe dukkan bakuna, a cika layin da ruwa, a fitar da iska, sannan a matsa shi da famfon gwaji na hannu mai agogo har ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi. Roba takan ɗan buɗe a farko, allurar agogon ta sauka kaɗan ta tsaya. Idan ta ci gaba da sauka, akwai yoyo, sai a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Buɗe ruwan tanki kawai a duba da ido bai isa gwaji ba, domin matsinsa ya yi kaɗan ya tona haɗin da bai kama ba.

Bayan gwajin, mai gida ya ɗauki hoton kowane bango da wayarsa tun bututai na a fili, ya adana. Ranar da za a kafa ƙusa domin rataye madubi ko huda bango domin na'urar sanyaya ɗaki, hoton ne zai nuna inda ruwa ya bi.